Yadda Muka Kai Mai Tuta Damagaram Neman Asalinta

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na zauna a bakin injin casar shinkafata a Kura, kafin in gama amsa gaisuwa wani ya jawo benci: "Alhaji Inuwa, yaya ƙasar Faransa?" Wani kuma ba ruwansa da ƙasar, motar yake nunawa da baki, yana tambayar me ya sa har yanzu take gindin darbejiya alhali an ce an sayar. Malam Sabo bakanike, wanda muka yi tafiyar tare, shi ma yana ba da nasa labarin a gareji, kuma na ji an ce a nasa har zaki muka gani a hanya. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya yadda abin ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni dillali ne. Da kwandon tumatir na fara a bakin titi, na koma shinkafa, injin ban ruwa, babur, har gona. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa rantsuwa a kan kaya ba. In na ce injin nan rani biyu ya yi, to rani biyu ya yi. Shi ya sa ake ce mini Inuwa Ba-Rantsuwa, kuma sunan nan shi ne jarina. Shago da inji duk daga baya suka zo.

Motar a Bunkure na same ta. Magadan wani marigayi suka kira ni in sayar musu da injinan ruwa biyu, ina zagayawa bayan gida sai na ga abu baƙi dogo a ƙarƙashin tarin karan dawa. Mota ce ƙirar Turai ta zamanin Turawa, hanci zuƙeƙe, fitilu kamar ƙorai, gaban direba duk katako mai sheƙi. Kaji suna ƙwai a ciki. Kujerar baya babu, sai wani katako da marigayin ya gitta yana ɗora kwandunan tumatir har ranar da ta ƙi tashi. A gefen hancinta na dama akwai wani ƙarfe a tsaye kamar tsawon kamu ɗaya, mai zobe a kai. Saboda shi mutanen Bunkure suke ce mata Mai Tuta.

Babban ɗan marigayin ya ce mini, "Alhaji, motar Gwamnan Turawan Faransa ce na Damagaram. Baba ya faɗa ya maimaita. Ga ma inda ake sa tuta."

Na saya, tarakta ta jawo ta Kura. Wata huɗu Malam Sabo yana kanta. Shi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ba abin da ba ya gaya mini. Aikinsa gyaran injin ban ruwa, amma in ƙarfe yana shan mai to yana ganin danginsa ne. Ya sauke inji, ya fitar da gidan ɓera daga cikin salansa, ya wanke tanki sau uku. Abu ɗaya ya ba shi mamaki: giya ta ɗaya da ta biyu sun cinye, amma ta uku da ta huɗu kamar ba a cika taɓa su ba. Muka kai ta Kano aka yi fenti, aka ɗinke kujerun gaba. Hon babu, sai ya ɗaura mata na tifa, wanda in an danna awakin unguwa uku suke watsewa. Lagireto ne kawai ya gagara. Tana shan ruwa kamar gonar shinkafa, amma a Kura wannan ba ciwo ba ne, ko'ina ka tsaya kanal yana gefenka.

Mai saye ya zo da ƙafarsa. Wani Injiniya Bashari ne daga Kano, tsohon ma'aikaci mai son tara tsofaffin kaya. Ya zagaya ta, ya shafa, ya tambayi asalinta. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba: na ɗauki maganar da ban bincika ba na faɗe ta kamar tawa, a gaban mutum biyar. Na ce ta Gwamna ce.

Injiniya ya ce, "Da wani ne ya faɗa da sai ya dafa Alƙur'ani. Amma kai ne." Muka yi ciniki, muka tafa. Sharaɗinsa uku: in nemo kujerar baya ta asali, da hon na asali, da takardar farko mai sunan Gwamnan. Ya ce Asabar ta sama zai tara abokansa a gidansa su ga motar, ni kuma in ba su tarihinta da bakina.

Ribar tumatir ɗina ta ranin nan gaba ɗaya tana cikin ƙarfen nan, ga kuma bakina da na sa. Magada suka ce abin da suka sani, babansu a hannun wani Alhaji Maman dillalin shanu ya saya, a Matameye. Malam Sabo ya ce da motar za mu je, don tsoho ba ya gane mota da kwatance, sai ya gani. Muka cika jarkoki shida da ruwan kanal, na sa buhun shinkafar Kura don tsaraba, muka tashi bayan asuba ranar Litinin.

Daga Kura zuwa Kazaure sau uku muka shayar da ita da ruwan bakin hanya, ba mu taɓa jarkoki ba. A Kazaure muka karya, Malam Sabo ya wanke wani koren hankici da yake goge fuska, ya ɗaure a ƙarfen hancin mota don ya bushe. Ni ban lura ba. Abin da na lura da shi, daga nan duk ƙauyen da muka ratsa sai maza su miƙe su ɗaga hannu da jinjina. Wani tsoho har saukowa ya yi daga kan jaki.

Na ce, "Malam Sabo, mutanen ƙasar Daura akwai ladabi."

Ya ce, "Ai sun ga fuskata."

Sai da muka isa iyaka a Kwangwalam muka gane. Wani jami'i ya hango mu ya ƙame ya sara. Da muka tsaya ya leƙo, ya ga mutum biyu da jarkoki da buhu da katako a maimakon kujera. Hannunsa ya sauko a hankali. Ya ce, "Wace ƙasa ce wannan tutar?" Malam Sabo ya fita ya kwance, ya fyace hanci a ciki don ya nuna ba shi da wata manufa. Mutumin kirki ne, dariya ya yi, ya kira abokan aikinsa suka zagaye mota. Takardarmu ta Bunkure gara ta ci gefenta, amma lamba da suna sun tsira, aka buga mana hatimi.

Ɓangaren Nijar kuwa wani karatu ne. Mu a gida in takarda ta gaza sai gaisuwa ta cike: "Yallaɓai, a yi haƙuri, yaya iyali?" Can jandarma zai amsa maka gaisuwar da kyau, iyali lafiya lau, sannan ya koma layin da ya tsaya ya ci gaba da karantawa. Wanda muka samu siriri ne, ba ya fushi ba ya dariya. Ya karanta komai har gefen da gara ta ci ya ɗaga wa rana. Sannan ya ce ina abin kashe gobara, ina jan alwatikan da ake ajiyewa a titi in mota ta lalace.

Malam Sabo ya buɗe ƙofar baya ya nuna jarkoki. "Ranka ya daɗe, ga ruwa jarka shida. Ko gidan mai ne ya kama, wannan ya isa. In ta lalace kuma ganye muke karyawa mu zuba."

Jandarma ya ce, "Ganye ba ya cikin doka." Ya duba agogo, ya rufe littafinsa, ya ce sai ƙarfe uku. Ashe can da rana ta take kowa tashi yake, ofis da shago, har mai faci. Mu a Kura lokacin ne ma kasuwa take ci. Na ciro wayar hannu, wadda ba a daɗe da fara riƙewa ba, in sanar da gida, na tarar ba sabis, ta zama madubi.

Muna zaune gindin bishiya sai mai shayin wurin, wani dattijo mai rawani, ya ce, "Kanawa, abin gobara ne?" Ya jawo shi daga ƙarƙashin tebur tare da alwatika. Haya yake bayarwa. Ƙarfe uku muka nuna, aka sake mu. Mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta ya shigo ya zauna kan katako, yana rungume da kayansa. Da muka sha kwana ta biyu ya ce a tsaya, ya sauka da abinsa ya koma a ƙafa. Na bi shi da kallo na ce wa Malam Sabo, wannan da a Kura yake da tuni ya sayi injina.

La'asar sakaliya muka shiga Matameye. Alhaji Maman ba ya wuyar samu. Ƙato ne mai murya, yana zaune a ƙofar gida ana yi masa aski. Da ya ga motar ya ture wanzami ya miƙe da rabin kai.

"Kai! Kai! 'Yar banza, ashe kina raye!"

Ya rungume hancinta. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura mai kauri wadda ludayi yake tsayawa a ciki. Bayan mun sha na faɗi abin da ya kawo mu. Ya nuna saman ƙofar zaurensa. Ga hon nan, ƙaho biyu na tagulla, a rataye tare da layu.

Na ce, "Alhaji, me ya sa ka cire?"

Ya dube ni kamar na tambayi me ya sa ake alwala. "Kai ba dillali ba ne? In ka sayar da sa, da igiyarka kake bayarwa? Mai saye shi ke zuwa da tasa. In igiya ta bi dabba, arzikin gida ya bi ta. Wannan ita ce igiyata. Wanda ya sayar mini ma ya riƙe tasa, shi kujerar baya ya cire."

Na taya. Ya ce igiya ba a sayar da ita ko da raƙumi. Can Malam Sabo ya tashi kamar zai duba taya, ya zura hannu ya danna hon ɗin tifa. Wanzami ya yar da aska, shanun da ke bayan gida suka tsinke turke biyu. Alhaji Maman ya buɗe baki, idonsa yana ƙyalli.

"Sake dannawa."

Aka sake. Ya ce sayarwa dai babu, amma igiya da igiya ana musaya. Kafin magariba nasa yana jikin mota, namu yana saman zaure, an haɗa masa da batir.

A gidansa muka kwana. Da safe muna shan koko na ce, "Alhaji, to shi Gwamnan, ka san sunansa?"

"Wane Gwamna?"

"Mai motar."

Ya ajiye kofi ya yi dariya har da tari. "Mutumin Bunkure ne ya ce Gwamna? Allah ya jiƙansa, ashe ya iya. Ni Kumandan na ce masa." Kumandan shi ne Baturen da yake riƙe da yanki a zamaninsu, kamar Di'o a wurinmu.

Na ce, "To ba laifi, Kumandan ma babba ne."

Ya ce, "Ni ma dillalin da ya kawo mini ita, ta tafintan Kumandan ya ce mini. Na ga tafinta ai bakin Kumandan ne, sai na cike." Da ya ga fuskata ya ce, "Haba ɗan'uwa. Saniya in ta haihu huɗu ka ce uku, wanda ya saya ya ce biyu. Kowa ɗaya yake taɓawa, ba a taɓa biyu. Ni mataki ɗaya na ƙara, ban ci amana ba."

Malam Sabo ya ce, "Alhaji Inuwa, mu juya daga nan. In muka ƙara gaba masinja za mu tarar."

Ban juya ba. Alhaji Maman ya ce mu nemi Baba Ilu Direba a Damagaram, shi ya fara tuƙa ta, kuma ya haɗa mu da surukinsa Malam Habu, fatoma mai saukar baƙi a unguwar Zango.

Hanyar Damagaram shimfiɗaɗɗiya ce, motoci kaɗan, rami kaɗan. Matsalarmu ruwa. Jarka ta shida ta ƙare muna hango duwatsun gari. Malam Habu ya karɓe mu da tsokana tun daga ƙofa, ya ce Kanawa sun zo, a ɗauke takalma daga zaure. Na ce mun ji Damagarawa ba su da ruwan wanke ƙafa, shi ya sa muka zo duba su. Ashe ban yi ƙarya ba. A gidansa kowane baƙo bokiti ɗaya ne a yini, ɗan garuwa yake kawowa daga nesa, shi ne wankanka, shi ne alwalarka. Ni da na tashi ina ganin ruwa yana wucewa ta bayan gida dare da rana ba mai kallonsa, na ga mutum yana wanke hannu a kan kwano don a ba akuya abin da ya zuba. Muka yi shawara, bokiti ɗaya na mota, ɗaya mu raba. Kwana biyu Malam Sabo yana cewa motar ta fi shi tsafta.

Abinci kuwa, da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawo. Malam Sabo ya gatsa ya ce a ba shi sifana. Kilishinsu ban ci irinsa ba, wannan na yarda. Shayi kuma ba irin namu ba ne na babban kofi da madara. Ɗan mitsitsin kofi ne, baƙi, mai ɗaci, kuma sau uku ake zagayowa. Na shanye na farko na miƙe, Malam Habu ya riƙe mini riga, ya ce wanda ya tashi a na farko ya zagi mai gida. Ciniki uku zan gama a Kura kafin su kai na uku. Da rana aka kawo shinkafa, na ɗanɗana na san ta ƙetare ce, ta shekara biyu a sito. Na ci abina, baƙo ne ni.

Ranar Laraba Malam Habu ya raka mu cikin Birni, ta lunguna da ƙyar motar take wucewa. A ƙofar wani ƙaramin gida muka tarar da tsoho ɗan firit, yana zaune a kan kujerar fata ja mai faɗin mutum uku, an tallafe ta da bulo. Malam Sabo ya taka birki ya ce, "Ga kujerarmu can da mutum a kai."

Baba Ilu bai yi ihu irin na Alhaji Maman ba. Ya taso a hankali, ya zagaya, ya buɗe ƙofar direba ya shinshina. Ya ce, "An canza mata mai." Sannan ya gaishe mu.

Bayan shayi uku na ce, "Baba, an ce motar nan ta tafintan Kumandan ce."

Ya ce, "Tafinta keke gare shi."

"To ta Kumandan?"

"Kumandan tasa ƙarama ce, mai rufin tamfol."

Na ce a hankali, "A wajenmu har Gwamna ake cewa."

Ya ce, "Yaro, Gwamna ya bar garin nan ya koma Yamai tun ban san hannun damana ba. Motar maigidana ce, Alhaji Nomau mai fata. Sabuwa ya sa aka kawo masa, saboda abokin hamayyarsa a kasuwa ya gina bene."

Ya ce ranar da ta iso Alhaji Nomau ya shiga baya ya harɗe, ba su kai kasuwa ba ya ce a tsaya, ya mayar da abin da ya ci. Washegari haka. Rana ta uku aka ba shi lemon tsami ya riƙe, duk da haka. Daga nan ya rantse ba zai ƙara shiga ba, kuma ba zai sayar maƙiya su yi dariya ba. Sai ya koma kan dokinsa. Kullum da safe yana gaba a kan doki, Baba Ilu yana biye da mota, ba kowa a ciki sai buta da buzun salla a kujerar baya.

"Shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa wuce dokin ba, ban taɓa sa giya ta uku ba."

Malam Sabo ya buga cinya. "Na faɗa! Na ce giyar nan ba ta ga duniya ba!"

Ni ba giya ce a raina ba. Na nuna ƙarfen hanci na ce, "Baba, tutar fa?"

"Wace tuta? Ni na kai wa maƙeri ya dasa. In Alhaji ya sauka a kasuwa a nan nake ɗaure dokin."

Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwani, ya ciro takarda a naɗe cikin tsumma. Malam Habu ya iya Faransanci, ya karanta mana. Lambar inji daidai, suna Alhaji Nomau, sana'a fatauci.

Kujerar, bayan rasuwar Alhaji Nomau 'ya'yansa ne suka cire da za su sayar da motar, suka ba Baba Ilu ajiya. Muka shiga kasuwa muka sayo masa kujera mai hannu da matashi, igiya da igiya, na sauke masa buhun shinkafa, shi kuma ya bar mana kujerar da takardar. Ya ce saura abu ɗaya, a bar shi ya tuƙa. Muka ɗaura kujera, ya zauna a gaba ya gyara hula. Daga ƙofar gidansa zuwa tsohuwar kasuwa ya kai mu, tafiyar da mai ƙafa zai yi kafin shayi ya tafasa. Wata mai tallan nono ta wuce mu, ta tsaya ta yi ciniki, ta sake wuce mu. Shi kuwa idonsa na gaba, yana barin fili tsakaninsa da abin da mu ba ma gani.

Alhamis muka kamo hanya. Na ce tunda na sha wahalar kujerar nan bari in ɗanɗana ta. Na koma baya na harɗe. Laushi gare ta kamar kwale-kwale, hanci ya yi sama baya ya yi ƙasa. Ba mu yi nisa ba na ce Malam Sabo ya tsaya. Abin da zan ce kawai, Baba Ilu bai yi wa maigidansa ƙage ba.

Da na dawo gaba, Malam Sabo ya fara. "Takardar nan fa Faransanci ce. Wa zai karanta a Kano? Kai ba sai ka ce komai ba, ka miƙa kawai. Kowa ɗaya yake taɓawa, kai ko ɗayan ba ka taɓa ba, yadda ka karɓa za ka bayar."

Na ce, "Da ban sani ba. Yanzu na sani."

"To ka manta mana! Mutum nawa ne suke mantuwa? Wata huɗu ina kwance ƙarƙashin motar nan, kashin kaji yana zubo mini a ido, saboda doki?"

Haka ya yi ta yi har Daura. Ban ce maganarsa ba ta shige ni ba. Daga Kazaure zuwa Kano ni kaina na gwada hanyoyi da yawa a zuciyata, kowace na bi sai ta fito da ni wuri ɗaya: in tsaya a gaban mutane in faɗi abin da na san ba haka ba ne.

Asabar da hantsi muka shiga gidan Injiniya. An kafa rumfa, manyan mutane shida da manyan riguna suna zaune, ga lemo a tebur. Na roƙe shi mu keɓe. A bayan mota na ba shi takarda na gaya masa komai, daga Gwamna har turken doki. Na ce kuskuren nawa ne, na faɗi abin da ban bincika ba, in yana so a haka mu sake ciniki, in ba ya so ba dole.

Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya ce, "Alhaji Inuwa, mutanen can mako biyu ina gaya musu. Ɗaya daga Kaduna ya taso. Kuɗinka suna ɗaki yadda muka yi, ba ragi. Takardar nan ka mayar aljihu. Ka je ka ce musu ta Gwamna ce, sau ɗaya. Kai in ka faɗa ba mai tambayar takarda."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dalilin da ya sa ba sa tambaya ke nan."

Ya juya ya koma rumfa, ina biye. Wataƙila ya zaci a gaban jama'a zan ji nauyi. Ya ce, "Ga Inuwa Ba-Rantsuwa, har Damagaram ya je. Alhaji, gaya musu motar wa ce."

Na gaya musu. Na fara da Alhaji Nomau da benen abokin hamayyarsa. Wurin lemon tsami mutumin Kaduna ya ƙware da lemonsa. Wurin buta da buzu wani ya cire hula yana fifita da ita. Injiniya bai yi dariya ba. Da na gama ya ce, "Ni ba zan ajiye motar da ta bi bayan doki ba. A fitar mini da ita."

Muka shiga. Malam Sabo ya murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ko tarin babu. Batir ya mutu, kuma ta tsaya daidai bakin ƙofa, ta tare motocin baƙi duka. Maigadi ya tafi cefane. Aka dubi juna. Mutumin Kaduna ne ya fara naɗe hannun riga, sauran suka bi. Mutum shida masu furfura suka dafa bayanta, Malam Sabo yana leƙowa ta taga yana ba su umarni: "Yallaɓai na hagu, ba ka turawa, jingina kake!" Sai da suka kai mu bakin titi ta kama.

Kafin mu ja, mutumin Kaduna ya dafa tagar da nake, yana haki, gumi yana bin gemunsa. Na ɗauka tayi zai yi, har na gyara zama. Ya ce, "Alhaji, don Allah, shi dokin, fari ne ko baƙi?"

Na ce masa ban tambaya ba, kuma abin da ban tambaya ba na daina faɗa.